Balki da Makullin Gidan Shinkafa

Shekara goma sha ɗaya Balki tana turara shinkafa a ƙungiyar matan Tanda. Abu guda ya riƙe ta a aikin: da azahar takan sauke tukunya, ta je gida ta juya mahaifiyarta da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta ba ta kunu, ta dawo. Ba wanda ya taɓa ce mata ina za ki.

Da aka kawo injin casa daga Gaya, aka ce namiji zai riƙe makulli. Ita ta kawo ƙanenta Safiyanu, ta bi matan ɗaya-ɗaya har suka yarda.

Bai yi mako biyu ba ya sa aka yi masa tebur, ya ce a riƙa kiransa shef, wato shugaba. Sannan ya kafa doka: ƙofa a kulle har la'asar.

"Safiyanu, Inna fa?"

"Yaya, nan wurin aiki ne. In na buɗe miki, wa zai ɗauke ni shef?"

Balki ta kife tukunyarta, ta yafa mayafi.

"To, buɗe min sau ɗaya, ba zan dawo ba. Uwar shef ce ke jira a juya ta."