Gyambon Barmo Wanzami

Barmo wanzamin Ollelewa ne, gadon ubansa ya ci. Shi ke aski ranar suna, shi ke cire belu, shi ke yi wa mai ciwon baya ƙaho. Makiyayan da ke saukowa daga Tenhya ranar kasuwa ma gabansa suke durƙusawa. Gajere ne mai sanyin hannu, sai dai ba ya son a ce akwai ciwon da ya fi ƙarfin zabirarsa.

Wajen shekarar 1924 ƙaya ta soke shi a ƙwauri, wurin ya ruɓe ya zama gyambo. Ya barbaɗa garin bagaruwa, ya ɗaura ganye, ya ƙona da wuta, wata biyar ciwon sai faɗi yake ƙarawa. Da kaka ta wuce ya ce zai je Damagaram sayen asake, ya hau jaki ya bi ayarin masu gero. A masauki wani baduku ya ji warin ƙafar, ya nuna masa gidan likita. Kwana biyu Barmo ya yi yana kewaya gidan bai shiga ba, don shi da bakinsa ya sha gaya wa mutane duk wanda ya faɗa hannun Nasara yanka shi ake yi. Da ya shiga, wanda ya karɓe shi ɗan ƙasa ne, Zakari, mai wankin ciwo a ƙarƙashin lokotoro, babban likitan Nasara. Kullum safe Zakari yakan wanke gyambon da wani ruwa mai launin shunayya, ya naɗe da farin ƙyalle. Cikin kwana arba'in fata ta rufe.

A hanyar komowa Barmo ya kwance ƙyallen ya binne shi a yashi. Da mutanen gari suka ga ƙafar ta warke suka ce ai maganin wanzami ne, sai da ya sha wuya ya gano shi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da damina hauya ta sari Jibo, ɗan ƙanwarsa Hawwa, saurayi mai ƙarfi da ke riƙe da gonar uwarsa tun rasuwar ubansa. Saran ya zama gyambo. Hawwa ta kawo shi, ta ce ta ji fatake suna zancen gidan likita a Damagaram, ko a kai shi can. Barmo ya dubi ƙasa ya ce me zai kai su, ba ta ga tasa ƙafar ba? Maganar na fita ya so ya janye ta, amma ta riga ta fita.

Wata huɗu yana ɗaura wa Jibo abin da ya san bai yi masa aiki ba. Kullum yakan ce gobe zai faɗa. Wata safiya ya kwance ganyen ya ga ƙashi, kumburi ya kai gwiwa. Hawwa tana bakin turmi. Ya kira ta, ya gaya mata komai, idonsa na kan ƙasa.

Ta ajiye taɓarya. Can ta ce, "Wata huɗu, Yaya. Kana kallona ina daka maka bagaruwa."

Jibo kuwa cewa ya yi, "Kawu, ka san hanyar dai?"

Aka ari raƙumi. Kwana huɗu suka yi a hanya, Barmo yana jan akala a ƙasa. Zakari ya gane shi, ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi ƙafa. Da ya buɗe ƙafar Jibo sai fara'ar ta ɗauke, ya tambaya a hankali me ya tsayar da su, shi da ya san ƙofar. Lokotoro ya yanke ƙafar ƙasa da gwiwa, yaron ya rayu.

Da suka komo, Barmo ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya faɗi abin da ya yi. Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariya a ɓoye, gidaje da dama suka koma kiran wanzamin Falanko ranar suna. Wasu ma cewa suka yi ga shi nan, an je an yanke, kuma wannan ya fi kome yi masa ciwo, don ya san wanda ya jawo yankan.

Dattawa ba su saurare shi ba, sai ya koma kan samari. Duk wanda ya zauna aski, kai na hannunsa ba damar tashi, sai ya fara. Yakan zana hanyar a ƙasa da ƙotar aska, ya nuna rijiyoyin da ake yada zango da garin da za a nemi ayari. Ya ce su riƙe gero na wata guda, don can ba a ciyar da mai zuwa wankin ciwo. In sun ga gardi mai tsaro a ƙofa kada su juya, su yi sallama su ce wurin likita suka zo. Su faɗi ranar da ciwon ya fara ba ƙari ba ragi, har da abin da aka sa masa a gida. Takardar da za a ba su su adana ta cikin hula. Kada su gudu don ciwo ya fara kyau. Sa'an nan yakan ja wando ya nuna musu tabon, ya ce su maimaita abin da ya faɗa. In ciwo ya wuce mako biyu a hannunsa, da kansa yake cewa ya fi ƙarfinsa.

Jibo ya koyi dukanci, ya yi aure. Yana gaida kawunsa yadda ya kamata, amma bai sake ba shi kansa ya aske ba, Barmo kuma bai taɓa tambaya ba.

Wanda ya fara tafiya ba tare da Barmo ba Buba ne, wani angon shekara, da matarsa mai ciwon ido. Bayan wata guda suka komo tana gani. Dangin matar suka zo da ƙwaryar nono su yi godiya. Barmo ya hango su daga zaure, ya ce wa matarsa ta karɓa ta sa musu albarka, shi ya fita ta bayan darni ya nufi gona.