Sakatar Bindigar Kawu

Kafin a san ni da damfara, ni ɗan gidan maharbi ne. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, saboda haka na bar shi. Ku dai samari masu ɗokin zuwa Sin saro kaya, ku karanta wannan a tsanake.

A hannun Kawu Sule na tashi, ƙanin mahaifiyata, a wani ƙauye da ke bakin daji kudu da Kano. Tsohon soja ne da ya koma farauta. Bindigarsa irin ta sojojin zamanin da ce, wadda ake kira makfo, mai sakatar ƙarfe da ake ja baya a turo gaba bayan kowane harbi. Shi da kansa ya rage mata katako don ta yi sauƙin ɗauka, yana shafe ta da man kaɗanya har tana ƙyalli. Ya sha nuna min sakatar nan yana cewa ita ce ran bindiga, domin ita ke tare ƙarfin harsashi kada ya dawo fuskar mai harbi.

Ban taɓa ganin mutum mai zargi irin Kawu ba. Ko harsashi aka kawo masa sai ya juya shi, ya shinshina, ya tambayi inda ya kwana. In kuwa aka taɓa bindiga da gyara, ko da ƙusa ɗaya aka sauya, ba ya kai ta kafaɗarsa. Sai ya ɗaure ta a jikin itace, ya ƙulla doguwar igiya a kunamarta, ya koma bayan wata bishiya ya ja. Maƙerin garinmu ya taɓa jin haushi, ya ce, "Haba Sule, ni ma ba ka yarda da ni ba?" Kawu ya ce, "Na yarda da kai. Ƙarfen ne ban sani ba." Mu yara dariya muke masa.

Da na girma wani ɗan kasuwa ya ɗauke ni aiki, tafiya ta yi tafiya har na samu kaina a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Na zama dillali a unguwar Xiaobei, ina raka baƙi shaguna, ina haɗa musu kaya a loda a kwantena. Aikin halal ne, kuma yana ciyar da ni. Sai dai idona ya fi cikina girma.

Abin ya faro ne daga ɗan ƙaramin abu. Wani maharbi abokin Kawu ya roƙe ni in samo masa ɗamarar rataya bindiga. Na samo sabuwa mai arha, na jiƙa ta da ruwan shayi, na goga ta a ƙasa, na ce masa tsohuwar ta soja ce. Ya biya da murna har da sa albarka. A nan na gane maharbanmu ba sa son sabon abu, tsohon kayan soja suke girmamawa. Daga ɗamara na koma madubin hange na wasan yara, ina kankare fentinsa ina sayarwa a matsayin na yaƙi. Duk wanda ya yi ƙorafi sai in ce bai iya saitawa ba.

Ana haka Kawu ya bugo min waya. Muryarsa a sanyaye ya ce sakatar makfo ta tsage, maƙera sun duba sun ce ba ta gyaruwa. Ya ce, "Ɗana, an ce babu abin da babu a ƙasar nan da kake. Ka duba min, amma ta asali." Na ce ya kwantar da hankalinsa.

Na san sarai a Sin ko guntun ƙarfen bindiga aka gan ka da shi ka shiga uku. Duk shagon da na nuna wa hoton, sai mai shi ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu, yana leƙa bayana ko da wanda ya biyo ni. Daga ƙarshe na samu wani lawban, haka muke kiran mai gida a can, da ke da ƙaramar maƙera a bayan gari yana yin bindigogin ado na ratayawa a bango. Ya daɗe yana kallona kafin ya karɓi aikin. Ranar da na je ɗauka, ya riƙe sakatar bai sake ta ba, ya sa wayarsa ta fassara min magana: wannan ta ado ce, ƙarfen ba shi da ƙarfi, kada a yi harbi da ita. Na yi dariya na ce ai bango za ta.

Ga inda na cuci kaina. Na tsaya na yi tunani, ba wai ban yi ba. Na ce a raina, ai Kawu ne, mutumin da ba ya yarda da ƙarfe. Zai ɗaure ta a itace ya ja igiya. In ta riƙe, na yi suna a wurin maharba. In ta fashe, itace ta fashe wa, sai in ce ni ma cutata aka yi. Da wannan lissafin na sa mata tsatsa da ruwan gishiri, na shafe ta da baƙin mai, na cusa ta cikin dilar wandunan jins da aka ɗinko a Xintang. Na aika wa Kawu saƙo cewa ta asali ce, daga rumbun tsofaffin kayan soja.

Tun kafin kwantenar ta isa gida labari ya zaga cikin maharba, masu tsofaffin bindigogi suka yi ta nemana. Na koma wurin lawban na ce ya yi min da yawa. Wannan karon ya yi min su ba tare da gargaɗi ba, abin kuma ya tsaya min a rai. Su ma na cusa su cikin wata dilar jins.

Daga nan barci ya ƙaurace min. Kowa na gani sai in ga ɗan leƙen asiri. Mai gadin benenmu in ya gaishe ni, in ce me ya sani. Abokin ɗakina, wani Bazabarme mai sayar da wayoyi, in ya tambaye ni ina za ni, sai in faɗa masa wata unguwa daban. Wanda ya fi tsaya min a wuya shi ne Alhaji Fuseni, mutumin Kumasi da ke yi mana lodi a benen Tianxiu. Ya ɗaga dila ɗaya ya ajiye, ya dube ni ya ce, "Ɗan'uwa, wannan jins naka ya yi nauyi fa. Mene ne a ciki?" Na ce maɓallai ne na ƙarfe. Ya ce, "To, sunanka za a rubuta a kai, ba nawa ba."

A tashar jiragen ruwa ta Nansha na'ura ta hango abin da ke cikin wannan dila ta biyu. Ina cin shinkafa a wani gidan abinci 'yan sanda suka dafa kafaɗata. A kotu na ce kayan ado ne, alƙali ya ce in na ado ne me ya sa na ɓoye su a cikin wanduna. Aka yanke min shekaru.

Zaman kurkuku a ƙasar da ba ka jin harshenta sai wanda ya yi. Amma ba tuba nake ba a lokacin, lissafi nake. Kullum ina jera mutane a kaina ina neman wanda ya tona ni. Yau in ce Alhaji Fuseni ne, gobe in ce lawban, jibi in ce Bazabarme. Na zargi kowa a Guangzhou ban da ni. In an ba ni damar yin waya gida, na tambayi Kawu, sai mahaifiyata ta ce, "Yana gaishe ka," ta sauya magana. Wannan ma ya sa ni zargin akwai wani abu, amma na ji tsoron in matsa.

Da wa'adina ya cika aka sa ni a jirgi, aka ce kada in sake dawowa. Na kwana ɗaya a Kano na wuce ƙauye.

Na tarar da shi zaune a ƙofar gida yana gyaran tarkon zomo da lalube. Da ya juyo na ga fuskarsa. Idon dama, wanda yake saiti da shi, babu shi, kuncin kuma duk tabo. Na durƙusa a gabansa. Ya ce a harbin farko ne, ya hango barewa, sakatar ta fashe ta dawo masa.

Na ce, "Kawu, igiyar fa? Ba ka ɗaure ta a itace ba?"

Ya ce, "Na ɗauko igiyar har na warware ta. Sai na ce, yaron da na goya ne ya aiko, ya ce ta asali ce. In na ɗaure ta a itace, shi na ɗaure. Sai na mayar."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka yanke min hukunci. Na faɗa masa komai, har ruwan gishirin, har gargaɗin lawban. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ci gaba da lalubar tarkonsa. Yanzu ni nake masa noma, ni nake riƙe masa hannu zuwa masallaci in rana ta yi ƙarfi. Makfo tana rataye a ɗakinsa babu sakata, har yau yana shafa mata mai.

Samari, ga abin da zan ce muku. Kada ku taɓa kayan bindiga a ƙasar mutane, ko da ƙusa ce. Kada ku tsufar da sabon abu ku kira shi na asali, daga ɗamara ake farawa. Kuma in zuciya ta ce muku ku yi cutar, ai mutumin yana da wayo zai gane, ku tuna da ni. Baƙo shi ne zai gwada kayanku da igiya. Wanda yake ƙaunarku kai tsaye zai kai shi fuskarsa.