Muryar da Ta Fito Daga Bakina a Hanyar Sorau

Shekarun baya, ina amarya ko shekara ban rufe a ɗakina ba, wani abu ya same ni a hanyar Sorau da rana tsaka. Na sha ba da labarin a bakin keke ina ɗinki, mata su yi dariya a wani wurin, su yi tsit a wani. Yau dai bari in rubuta muku shi yadda ya faru.

A Yelwa muke zaune, cikin Mubi, kuma ɗinki ne sana'ata. Maƙwabciyata, wadda ita ce babbar ƙawata har gobe, yayarta ta haihu a Sorau, sai aka jibgo mini ɗinkin kayan suna. Cikin sauri da son a yaba, ni da nake cika baki cewa ko ido rufe zan iya sa zif, sai ga shi na ɗinke yatsana. Allurar keken ta shiga ta gefen farce ta ɓullo ta ƙasa. Na ɗaure da ƙyalle na ci gaba da aikina. Kafin ranar tafiya yatsan ya kumbura ya yi sulɓi, ya tara mugunya, yana zugi kamar ana kiɗa a ciki. Maigidana ya ce ba inda za ni sai na biya asibiti.

Da safe ƙawata ta raka ni, da kayan sunanmu a hannu, a kan daga can mu wuce tasha. Likitan ya sa aka wanke ciwon, sannan ya tambaye ni, "Akwai maganin da jikinki ba ya so? Kin taɓa shan wani abu, ko a yi miki allura, ki yi ƙuraje ko ki kumbura?"

Na ce babu. Iya sanina ke nan. Ni ba mai yawan ciwo ba ce, in ka cire maganin ciwon kai da na zazzaɓin cizon sauro ban san ɗanɗanon komai ba.

Ya rubuta mini wata ƙwaya daga dangin fenisilin. Ya ce magani biyu ne aka haɗa a cikinta, ɗaya yana kashe ƙwayoyin cutar, ɗayan yana tare masa hanya don kada su fi ƙarfinsa. Ya ce in sha da abinci, in shanye duka ko da yatsan ya warke, kada in ba kowa. Har mun miƙe ya ƙara da cewa in na ga ƙuraje, ko na ji numfashina yana toshewa, in daina sha in dawo nan take. Ni dai hankalina yana kan mota. Ƙawata ce ta amsa masa da to.

A tasha na sayi masa na ci, na kora ƙwayar farko da ruwa. Babba ce, fara, sai da na yi da gaske ta wuce. Ba a jima ba mota ta cika. Irin ƙananan motocin nan ne da ake cusa mutane kamar buhuna. Ina baya, ƙawata a damana ta jikin ƙofa, a haguna wata tsohuwa siririya mai baƙin mayafi, wadda na gaishe ta ta ɗaga mini kai kawai. Kusa da ita wata mata ce mai ɗankwalin zumuntar coci. A gaba kuma wani dattijo mai carbi.

Damina ce. Mun bar gari, gonakin masara sun yi kore shar har gindin duwatsu, rana ta take. Sai tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na nuna wa ƙawata ina dariya, na ce alheri na nan tafe. Daga nan tafin ƙafa ya ɗauka, sai tsakiyar kai, sai cikin kunne, inda yatsa ba ya kaiwa.

Sannan wani abu ya sauko mini wanda har yau ban san sunansa ba. Ba ciwo ba ne. Sani ne kawai ya zauna mini a ƙirji, tabbatacce kamar yadda na san sunana, cewa ba zan isa Sorau ba. Rediyon motar ya koma kamar daga cikin rijiya yake magana. Na dubi sama, babu hadari ko kaɗan, amma hasken ranar ya dushe ya yi ruwan toka. Mutanen da ke noma a bakin hanya sai na ga kamar duk sun tsaya cak da fartanya a hannu, sun juyo suna kallon motarmu, ni suke kallo.

Na waiga hagu. Tsohuwar nan ta zuba mini ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Na buɗe baki in ce wa ƙawata ta sauke gilashi in sha iska. Maganar ta fito, amma ba da muryata ba. Wata murya ce mai kauri, a dishe, irin ta tsohon da ya daɗe bai yi magana ba.

"Sauke gilashi."

Ƙawata tana kallon waje ne. Ba ta juyo da sauri ba. A hankali ta kira ni yadda ta saba kirana, ta ce, "Adda, wa ya yi magana?"

Da ta juyo ta ga fuskata sai ta saki salati. Daga baya ta gaya mini leɓɓana sun kumbura sun juye, idanuna sun shige ciki, wuyana duk ya yi rudu-rudu kamar an zane ni da bulala. Ta ce da a hanya ta gamu da ni a haka, wucewa za ta yi.

Ashe a daidai lokacin mun tsallake wani ƙaramin mayo, rafin da ya ratsa hanya. Dattijon gaba ya waigo sau ɗaya, ya kau da kai, ya fara ta'awwuzi da ƙarfi.

"Mun ratsa ruwa da rana tsaka," in ji shi. "Mutanen ruwa ne. Kada wanda ya amsa mata magana."

Mai ɗankwalin zumunta ta rufe ido tana kiran sunan Yesu. Direba ya taka birki ya kashe mota. Ƙofofi suka buɗe, kowa ya fice, aka bar ni da tsohuwa. Shirun da ya biyo baya shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Babu kukan tsuntsu, babu iska a ganyen masara. Sai wani siririn fito da nake ji yana tashi yana sauka, kamar ana busa sarewa daga nesa. Na daɗe ina neman inda yake fitowa kafin na gane daga ƙirjina ne.

A waje ana ta muhawara. Dattijon yana cewa akwai mai magani a ƙauyen gaba wanda ya san irin wannan, a kai ni can. Direba yana rantsuwa shi ba zai sake tayar da mota da ni a ciki ba. Sai na ji muryar ƙawata ta haye ta kowa.

"Magani ta sha! A gabana ta sha a tasha. Da kunnena na ji likita ya ce in numfashi ya toshe a koma."

"'Yata, magani ba ya sauya wa mutum murya," in ji dattijon.

Ba ta tsaya amsa masa ba. Ta sha gaban direba ta ce, "Malam direba, in aljani ne, ba abin da zai same shi kafin mu kai Mubi. In kuwa magani ne, ita ce za ta mutu, kuma a motarka."

Allah ya saka wa direban nan da alheri duk inda yake. Ya sauke wa sauran kayansu a bakin hanya, ya juya mota. Tsohuwar ba ta sauka ba. Ba wanda ya ce ta zauna, ba wanda ya ce ta fita.

Komawar gutsi-gutsi nake tuna ta. Rufin mota. Ƙawata tana kuka tana jijjiga ni. Busasshen tafin hannun tsohuwa a goshina, mai sanyi kamar an ciro shi daga randa. Daga nan babu komai.

Abin da na sani na gaba shi ne zafin allura a cinyata, an kifa mini abin shaƙar iska a fuska, an ɗaura mini ruwa. Zuciyata ta kama gudu, jikina yana rawa, sai na ji iska ta sami hanya ta shiga. Ban taɓa sanin iska tana da daɗi ba sai ranar. Ƙawata ta riga ta miƙa wa ma'aikatan asibiti kwalin maganin tun daga ƙofa, shi ya sa ba su ɓata lokaci ba. Suka ce za su riƙe ni zuwa washegari, don abin yakan lafa ya sake tasowa.

Da la'asar mahaifiyata ta iso. Kumburin bai gama saɓewa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ba ta yi salati ba, ba ta yi kuka ba. Ta sulale ta zauna a ƙasa ta ce, "Sun dawo."

Likitan yana wurin. Ya ce, "Mama, su wa?"

Da ƙyar ta yarda ta faɗa. Ta ce bayan an yaye ni an kai ni wurin kakata a ƙauyensu, can bayan dutse, na yi shekaru a hannunta. Wata rana ta je duba ni ta tarar ina tari da zazzaɓi. Ranar kasuwa ce, suka kai ni wurin wani mai yawo da jaka yana yi wa mutane allura. A hanyar komawa suka ratsa rafi, kafin su kai gida fuskata ta kumbura, kukana ya sauya, har aka shimfiɗe ni mata suka fara kuka. Can Allah ya dawo da ni. Kakata ta ce mutanen rafi ne suka taɓa ni, ta sa mahaifiyata ta yi alkawari ba za a sake ambaton zancen ba.

Likitan ya ce, "Mama, allurar yaya take?"

"Fara ce, kamar nono. Sai da ya girgiza kwalbar."

Likitan ya juyo gare ni. Ya ce ba zai rantse ba, amma da wuya in ba fenisilin ba ce. Ya ce jikin da ya taɓa ƙin ta ba ya mantawa, ko bayan shekara nawa. Maganin da ya ba ni ba jabu ba ne, ba kuma mugu ba ne, mutane da yawa suna sha su warke, ni ce dai ba nawa ba ne. Ya sauya mini wani wanda ba danginsa ba, ya ce duk inda na je, ko haƙori za a cire mini, ko haihuwa ce, in fara faɗin wannan kafin a taɓa ni. Ya kuma ja mini kunne a kan kafson da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, ya ce da yawansu 'yan gida ɗaya ne, suna kawai ya bambanta.

Na ce, "Dada, me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Ta ce, "An ce in an ambace su suna ji." Sannan ta dubi likita ta rage murya. "To, muryar fa?"

Ya ce maƙogwaro ne ya kumbura. Ta gyaɗa kai irin na wanda ba ya son musu da babba.

Yatsa ya warke, suna kuwa an yi shi ba da mu ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, tambayar nan da likita ke yi a gurguje ba gaisuwa ba ce. Ni na amsa da gaskiyata, amma amsar tana wurin mahaifiyata, a ƙulle da tsoro. In iyayenku suna raye ku zauna ku tambaye su abin da ya taɓa samunku kuna ƙanana, har wanda aka ce iska ce. Ragowar ƙwayoyin nan wata mai kawo mini ɗinki ta roƙe ni su, wai ɗanta na fama da maruru, na hana ta har ta yi fushi. Maigidana kuwa an taɓa rubuta masa irinsu a kan ciwon ƙirji, ya shanye tas ya warke sarai, ni ce ma mai tuna masa lokacin sha.

Akwai abu guda da ƙawata ta riƙe bai fito ba sai da aka yi shekaru. Muna zaune muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidanta ta ce, "Adda, kin san kin yi magana a hanyar komawa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce kalma-kalma nake fitarwa, da muryar nan, amma ba Hausa ba ce, ba Fulatanci ba. Tsohuwar kuma tana amsa mini a natse, kamar sun saba. Da na kai wa mahaifiyata zancen ta ce Gude ne, yaren kakata, wai da shi na fara magana kafin a dawo da ni Mubi. Ni dai yau ko gaisuwa ban iya da shi ba.

Ƙawata ta ce da aka shige da ni ciki, ta tsaya a bakin ƙofar asibiti ta tambayi tsohuwar me nake cewa. Tsohuwar ta gyara mayafinta, ta amsa da 'yar guntuwar Hausarta.

"Ya tambaya ko lokaci ya yi. Na ce masa ba yau ba."

Daga nan ta bi titi da ƙafa, ba mu sake ganinta ba.

A Mubi mun saba, tsofaffi da yawa in suna Hausa "shi" suke ce wa mace. Don haka ni take nufi. Haka nake gaya wa kaina.