Shanu Nawa Ne Garke?

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da muke aji shida na firamare. Iska ta riga ta yaye kwanon ajinmu, don haka a gindin darbejiya muke ɗaukar darasi, an jingina allo da jikin bishiyar. Ƙasa da danshi, kowa ya cire silifas ya zauna a kai. Malam Ilu, malaminmu na Turanci, ya rubuta "herd of cattle" a allo, ya ce garken shanu ke nan, kuma irin wannan suna shi ake kira "collective noun", wato suna ɗaya da ya tattara abubuwa da yawa. Sai Buba, wanda yake zaune a gefena, ya ɗaga hannu. "Malam, shanu nawa ne suke zama garke? In sun koma uku fa, har yanzu garke ne?" Muka kwashe da dariya, don mun ɗauka neman magana ne irin nasa. Malam bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Zauna, Buba. In an tashi ka jira ni." Mu ba mu sani ba, ashe tun kafin ruwan fari ciwon huhu ya shiga shanun gidan su Buba.

Ƙauyenmu yana kusa da Jahun, rugar su Buba kuwa tana bayan fadama. Tun muna ƙanana muka saba. Idan an gama girbi, mahaifinsa, wanda muke kira Baffa Ori, yakan zubo shanunsa a gonarmu su ci kara su bar mana taki, innarsa kuma ta kawo nono gidanmu ta tafi da gero. Ni aikina da safe shi ne ɗebo ruwa a rijiya da yi wa tumaki ciyawa, shi kuma sai ya riƙe maruƙa an gama tatsa kafin ya taho, shi ya sa kullum yakan iso makaranta a makare, yana ƙanshin hayaƙi da man shanu. In an tashi tara mu yi langa, mu buga ƙwallon tsumma, ranar da babu makaranta mu tafi kududdufi wanka, ko mu bi kurciya da danƙo har rana ta karkata.

Malam Ilu siriri ne, ɗan wajen Buji, yana zuwa a kan wani tsohon keke. A zangon nan kusan babu abin da ya koya mana sai nau'o'in suna a Turanci, abin da mu muke kira "nawun". Ba ya son a haddace kawai. Sai ya kore mu cikin fili ya ce kowa ya taɓo abu ya faɗi sunansa: akuya, rijiya, tsintsiya, duk "common noun" ne, sunan da kowace akuya take amsawa. Jahun da Dutse da Buba kuwa "proper noun", sunan yanka, kuma dole a fara rubuta shi da babban harafi. "Sunan yanka ba ya fita babu hula," in ji shi, har yau in na ga an rubuta sunan gari da ƙaramin harafi sai in ji kamar na ga dattijo kai a buɗe. Da muka zo kan "abstract noun" sai ya ce, "Maza kowa ya je ya kamo mini yunwa ya kawo nan." Muka yi cirko-cirko. Ya ce to irin sunan ke nan, kowa ya san abin amma ba mai iya riƙe shi a hannu. Ranar da ya ce nono yana cikin sunayen da ba sa ƙirguwa, Buba ya ƙi yarda, ya ce innarsa kullum tana ƙirga shi a kasuwa. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ludayi take ƙirgawa, ɗan Fulani, ba nonon ba." Buba ya gyaɗa kai. Abu in ya shiga kansa sau ɗaya ya zauna ke nan. Ni sai na maimaita, na sake maimaitawa.

Mu biyu Malam ya ware don jarrabawar shiga sakandaren kwana. Bayan la'asar mukan same shi a zauren gidan da yake haya, ya yi ta ba mu jimloli muna tsamo sunaye muna rarrabewa. Babana ya ɗora rai a kan abin sosai. Yakan ce wa innata, "Wannan yaron ba zai riƙe fartanya ba, ofis zai zauna a Dutse." Shi kuwa Baffa Ori, sai da Malam ya yi ta taka keke zuwa ruga yana roƙonsa ya bar Buba ya zana jarrabawar. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Malam, ni ban ƙi ba. In shanu sun tsaya, yaro ma zai tsaya."

Shanu ba su tsaya ba. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka sayo allura daga Jahun, amma kusan kowane mako sai an kwantar da wata an yanka kafin ta mutu. Nama ya yi araha a ƙauyenmu a daminar nan, har mu da ba ma ganinsa sai da salla muka ci. Buba ya fara fashin makaranta, in ya zo ma ba ya ɗaga hannu. Kafin gero ya fid da kai Baffa Ori ya yanke shawarar kora 'yan shanun da suka rage zuwa kudu, wurin wani ƙaninsa. Da hantsi Buba ya biyo ta gonarmu, ni da Baba muna maimai, wato noma na biyu. Ya gaishe da Baba, ya ce mini, "Mun tashi. Ka faɗa wa Malam." Na tambaye shi yaushe za su dawo, ya ce da kaka in Allah ya so. Da na isar wa Malam da saƙon, sai ya ajiye allin da ke hannunsa ya ce mu tafi gida, yau babu darasi. Kaka ta zo ta wuce, ba su dawo ba. Ba a jima ba aka mayar da Malam wata makaranta, ba a turo kowa a madadinsa ba.

Na ci jarrabawar. Na yi sakandare, na yi kwalejin horon malamai, Baba ya sayar da tumakinsa saboda ni. Na nemi aiki har ƙafafuna suka san kowace ma'aikata a Dutse. Baba ya rasu ban zauna a ofis ba. Yanzu adaidaita sahu nake ja, tsakanin kasuwa da sakatariya da ƙofar jami'a. Shekarun baya na kai wani fasinja kara, inda ake cinikin dabbobi, sai na ji an kira sunana. Buba ne, ya rame, gemunsa ya yi fari tun lokaci bai yi ba. Shanun wani Alhaji yake kiwo ana biyansa, nasu sun ƙare tun tuni. Ya tambaye ni Malam Ilu, na ce Allah ya yi masa rasuwa, muka yi masa addu'a. Na tambayi 'ya'yansa, ya ce suna daji tare da shi, babu wanda ya taɓa shiga aji. Sai ya ce, "To kai da ka yi karatun, ina ofishin naka?" Na nuna masa adaidaita sahuna a bakin hanya. Muka yi dariya mu biyu, irin wadda ba ta kai ciki.

A da mun yarda cewa wanda ya iya Turanci ya tsira, malaminmu ma ya yarda, iyayenmu sun yarda har suna sayar da abin hannunsu. Yanzu yaran unguwarmu suna kallon masu takardu suna layin ɗaukar fasinja. Kwanan nan ɗana Sadiƙu ya zo da aikin gida a kan nau'o'in suna, ya ce malaminsu ya rubuta a allo ya fita, bai yi bayani ba. Na zaunar da shi na koya masa duka, babu wanda na manta. Ya gane, har ya ji daɗi. Yana cikin rubutu sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, in na iya wannan, me zan zama?" Na duba fuskarsa.

Na ce masa ya ci gaba da rubutu kawai.