Fuskar da Inna ke karantawa da hannu

Salama gare ku, jama'ar wannan zaure. Wata huɗu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wata ta aiko tana tambaya ko na rasu ne ba a sanar ba. Ina nan da raina. Ƙuraje ne suka ɓoye ni.

Ƙurajen 'yan mata fa, ni mai jikoki tara.

Da damina suka fara, biyu a haɓa. Kafin gero ya fitar da kai sun bazu a kumatu, jajaye, masu zafi. Da ƙuruciyata ko ɗaya ban yi ba. Ashe ajiye mini su aka yi, kamar tuwon baƙon da ya makara.

Ba don madubi na damu ba. Don Inna ne.

Mahaifiyata tana ƙauyenmu a ƙasar Gwiwa, wajen ƙanwata Laure. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "ta Kazaure" take cewa. Ban tashi na san hannunta a jikina ba, kakata ce ta goye ni. Sai da idonta ya rufe ta samu hujja. Duk Juma'a in na durƙusa gabanta sai ta ce a matso da baƙuwar ta gane ko wace ce, ta bi fuskata da yatsu, daga goshi zuwa haɓa, a hankali. Ta san ni ce. Ni ma na san ta sani.

Na je asibiti a nan Kazaure. Kati, layi, benci, awon jini, awon suga. Kajina biyu suka tafi a ciki. Likitar yarinya ce, sa'ar autata. Ta ce ba abin tsoro ba ne, yakan samu wasu mata bayan jini ya ɗauke. Ta rubuta mini maganin shafawa a ɗan bututu, mai yauƙi kamar jiƙaƙƙen ƙaro, jel suke ce masa. Sau ɗaya, in zan kwanta, kamar ƙwayar wake ga duk fuskar.

Na ce to. Amma a bayan ɗan acaɓa, ina kallon duwatsu suna wucewa, na yi nawa nazarin. Mu da muka taso ana laɓta lalle har ya yi tudu, ƙwayar wake me za ta tsinana? Kuma mutum yana wanke fuska sau biyar a yini, ai kowace alwala ta tafi da maganin.

Sai na mai da shi cikon alwala. In na idar da salla in laɓta, in fita tsakar gida shanyar gyaɗa, rana tana dukana.

Kwana shida fuskata ta kumbura, ta yi ja, ta fara saɓewa kamar ɓawon albasa. Gefen bakina ya tsage. Ruwan alwala ya koma barkono. Ko mayafi ya taɓa ni sai na ji har tsakar kai.

Juma'a ta zo ban je Gwiwa ba. Na ce wa Laure ƙafa ce.

Na koma asibiti a lulluɓe. Da na gaya wa likita yadda na yi, ta daɗe tana kallon takarda, ina ganin tana danne dariya. Ta ce, "Mama, daga isha zuwa asuba ya gama aikinsa. Alwala ba ta wanke abin da fata ta riga ta sha." Ta sa na ajiye shi sai fatar ta huce, ta ba ni mai marar ƙamshi, ta hana ni rana. Daga baya na koma ina shafa maganin yau, in huta gobe.

Makonnin nan a ɗaka na yi su. In na kishingiɗa da hantsi sai in ga fuskata tana yawo a kan ruwan dam ɗin garinmu kamar ganyen bado, hannayen Inna suna shawagi a sama kamar kurciyoyi, sun rasa wurin sauka. In farka da ɗacin baki.

A mako na bakwai Laure ta kira. Ta ce Inna ta rage cin abinci, ba ta tambayi kowa ba, amma duk Juma'a sai ta sa a juya mata tabarma ta fuskanci ƙofa.

Washegari na hau mota, fuskar rabi ta warke rabi tana saɓa.

Na durƙusa. Yatsunta suka sauka a goshina, suka gangaro, suka tsaya a kan ɓawon. Na roƙe ta gafara, na gaya mata gaskiya, ban so ta taɓa ni ta ji haka ba.

Hannunta yana nan a kan fuskata. Can ta ce, "Ke ta Kazaure, makauniya kike ɓoye wa fuska?" Ta ce da Laure a dama fura, biyu.

Yanzu fata ta kwanta, sai 'yan tabo. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan da haƙurinta, da Laure da ta rufa mini asiri.

'Ya'yana masu fama da ƙuraje, ku ga likita kafin ku shafa komai. Ƙwayar wake ɗin nan da gaske ake, a busasshiyar fuska, nesa da ido da leɓe. Ku guji rana, kada ku matsa, kada ku ara wa ƙawa. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa tun a gaban likita. Wani maganin ma yana koɗar da tufafi, ku kula da mayafanku. Sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin amfaninsa. In fuska ta yi zafi ta kumbura, ku tsaya, ku koma asibiti.

Wanda kuma yake da tsohuwa tana jiransa, ya tafi mata da fuskar da yake da ita. Juma'a bakwai na ci bashin Inna, kuma babu kantin da ake sayar da su.