Gurbin da ke gefen ƙafar Sodangi

Duk wanda ya yi aure a unguwarmu a Dutsin-Ma cikin shekara goma sha biyar da suka wuce, fuskarsa ta bi ta cikin kyamarar Sodangi mai bidiyo. Mutumin Kurfi ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar kullum haƙuri yake bayarwa. Ya haura arba'in bai yi aure ba. Mata sun saki jiki da shi, har ɗakin amarya yake shiga ya ce, "Hajiya, a ɗan ɗaga haɓa." Angwaye kuwa haushinsa suke ji, don ana tsakiyar liƙi sai ya kau da kyamara daga fuskar ango ya koma kan hannun wata tsohuwa mai tafi, ko ƙuda a bakin kofin zoɓo. In an yi ƙorafi ya ce ai nan bikin yake.

Ni sunana Bilya, acaɓa nake yi. Na bar sakandare a aji biyu, bisa shawarar da muka yanke ni da malamaina ba tare da gardama ba. Sana'ata ta biyu baki ce. In na zauna a teburin mai shayi, ko mai ciwon haƙori sai ya dara. Ni nake kai Sodangi bukukuwan ƙauye, kuma a masallacin unguwa kusan kullum kafaɗata na jikin tasa, don tare muke dawowa a makare.

Wata damina muka tafi ɗaurin aure Barkiya. Ruwa ya zaftare hanya, na faɗa wani rami, mashin ya yi tsalle. Hannunsa ɗaya na rungume da kyamara, sai ya kai ɗayan ya cafki ƙuguna. Kowa ya sani namiji ba ya riƙe ƙugun ɗan acaɓa, ƙarfen baya ake kamawa ko da za a faɗi. Bai yi daƙiƙa uku ba ya saki, ya ce, "Yi haƙuri, Bilya, kayan aiki."

Washegari na kai labarin teburin shayi. A bakina daƙiƙa uku ta zama daga Dutsin-Ma har Barkiya. Na miƙe na kwaikwayi tafiyarsa, na lanƙwasa murya, na ce har numfashinsa nake ji a wuyana. Aka yi dariya har wani ya ƙware da burodi. Sabitu mai gidan kallon ƙwallo ya share hawaye ya ce, "Dama ni kau na daɗe ina zargi. Ashe mai neman maza ne." Ban ce e ba. Ban ce a'a ba. Shayina na ci gaba da sha.

A sallar La'asar ta ranar, liman ya juyo kamar kullum ya ce a daidaita sahu, a haɗa ƙafa, a cike gurbi kar a bar wa Shaiɗan wurin shiga. Sodangi ya matso da ƙafarsa ya taɓa ƙaramin yatsana. Na ji idon 'yan teburin shayi a ƙeyata. Sai na janye ƙafa. Kaɗan ne, bai wuce tafin hannu ba. Na damansa ya gani, shi ma ya janye.

Daga nan ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Aikin biki ne ya fara raguwa, sannan ya zama duk inda ya tsaya a sahu akwai fili dama da hagu, kamar an zana masa da alli. Bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Yana shiga da takalminsa ya ajiye a gabansa kamar yadda kowa ke yi saboda ɓarayi. Abin da ba mu sani ba, wayarsa na tsaye a cikin takalmin, tana kallon ƙafafunmu.

Bayan wata bakwai ya roƙi Sabitu ya bar shi ya nuna wani fim da ya haɗa, da rana kafin a take wasa. Sabitu ya yarda don a samu abin dariya. Muka cika benci. Fim ne da ko suna ba shi da shi. Ba fuska, ba waƙa, ba jaruma. Ƙafafu kawai a kan tabarma: masu kaushi, masu safa, masu jiƙe da ruwan alwala. Murya ɗaya ce a ciki, ta liman, tana cewa a cike gurbi. Sai ka ga ƙafafu biyu a tsakiya sun ɗan buɗa suna neman maƙwabta, maƙwabtan su zame. A yanke. Wata rana, wata tabarma, murya ta sake, ƙafa ta sake zamewa. Haka har minti arba'in.

"Malam Sodangi, yaushe za a sako kawunan?" na ɗaga murya. "Ko sai kashi na biyu?"

Aka kwashe da dariya. Ana cikin dariyar aka nuno wata ƙafa mai tabon ƙunar salansa a idon sawu, tana ja baya a hankali kamar ta ga kunama. Na leƙa ƙasan benci. Na ja wandona na rufe tabon.

Da aka sa ƙwallo Sodangi ya zare wayarsa ya fita, na bi shi waje.

"Kai Malam, tsakaninka da Allah, abin da ake faɗi gaskiya ne?"

Ya dube ni ba fushi. "Kai da ka faɗa kake tambaya ta?"

"Wasa nake yi."

"Na sani. To ka ɗauka gaskiya ne. Liman cewa yake a cike gurbi. Ka taɓa jin ya ce a fara bincikar mai ƙafar?"

Na ce ya hau in kai shi gida. Ya ce a'a, ramuka sun yi yawa a hanya.

Kafin wata daminar ciwo ya kwantar da shi, ƙanwarsa Saudatu ta zo ta tafi da shi Kurfi. Can ya rasu. Daga unguwarmu ni kaɗai na je jana'iza. Mutanen Kurfi suka yi sahu uku a matse, ba ko wurin saka allura, shi yana kwance a gaba cikin likkafani. Sai a ranar aka cike masa gurbi.

Da na shiga gaisuwa Saudatu ta kalli ƙafata kafin ta kalli fuskata. "Kai ne mai tabon salansa? Yaya ya ce in ba ka wannan." Ta miƙo mini memori ƙunshe a takarda.

Fim ɗin ne, amma da ƙari a ƙarshe wanda bai nuna mana ba. Wata sallar Azahar, wani baƙo da bai san komai ba, mai faso a diddige, ya shigo ya manna ƙafarsa da ta Sodangi. Ƙaramin yatsan Sodangi ya yi ta rawa har aka yi ruku'u. Sodangi ya maimaita wurin sau tara a fim ɗin. Na ƙirga.

Ranar Juma'a bayan Magariba na miƙe a ƙofar masallaci na ce jama'a su saurara. Na ce labarin Barkiya ni na ƙirƙira, rami muka faɗa, kuma ko da ba ƙirƙira ba ce, ba mu aka ba tsaron sahu ba. Hawaye na zubo mini, su kuwa suna jiran inda dariyar take. Sabitu ya ce, "Bilya ke nan, yau kuma wa'azi ake kwaikwayo?" Aka yi dariya. Wani daga baya ya ce, "Wannan kuka haka, anya riƙon ƙugun bai yi daɗi ba?"

Da Asuba na tsaya a sahu na buɗa ƙafa. Na damana ya zame. Na haguna ya zame. Tafin hannu ɗaya, daidai yadda na auna masa.

Yanzu wata huɗu ke nan. Ban fasa zuwa ba. Wani lokaci liman na cewa a cike gurbi sai in ji wani abu mai sanyi ya taɓa ƙaramin yatsana na dama, inda ba kowa. Ba na duba ƙasa. Ba na janyewa.