Dogo da Motar Ƙanin Matarsa

Har yau idan aka ɗauki sabon direba a kamfanin jigilar kayan nan, kafin a nuna masa ofis sai an ba shi labarin ranar da Dogo ya fara aiki.

Da sassafe ya iso, maigadi bai gama buɗe ƙofa ba. Ya tsaya ya ƙare wa manyan motocin da ke jere kallo, guda goma sha huɗu, idonsa ya sauka kan wata fara sol a ƙarshen layi, sabuwa dal, ko ledar kujerunta ba a gama cirewa ba. Bai tambayi kowa ba. A kamfanin da ya baro, inda ya yi shekara ashirin da biyu kafin a rufe shi, ƙa'idar a fili take: wanda ya fi kowa daɗewa a kan titi shi ke ɗaukar motar da ta fi kyau, ba sai an ce masa ɗauki ba. Ya dubi direbobin da suka fara shigowa, bai ga mai furfura ko ɗaya ba. Masu wanki kuma sun bar ƙofar motar a buɗe. Sai ya yi bisimilla ya hau.

Ya ja kujera baya saboda dogayen ƙafafunsa. Ya shimfiɗa bargo a ɗan gadon da ke bayanta, ya ajiye matashi, ya cusa buta da fulas a ƙasa, ya manna hoton jikarsa kusa da sitiyari. Yana cikin goge gilashi aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yaya, ina kwana? Ka iso lafiya?"

Auta ne, ƙanin matarsa. Shekara goma sha biyar da suka wuce Dogo ya koya masa tuƙi, daga riƙon sitiyari har juya tirela da baya. Yanzu ya zama magidanci mai 'ya'ya huɗu, shekararsa tara a wannan kamfani, kuma shi ya yi wa Dogo hanyar aikin.

"Lafiya lau," in ji Dogo daga sama. "Wannan ta yi. Ka ce wa manaja na gode."

Auta ya sosa ƙeya. "Yaya, taka tana can baya, mai lamba tara. Nan shekarun da mutum ya yi a kamfanin ake dubawa."

"To wannan ta wane ne?"

Auta ya ɓoye hannun da ke riƙe da makullin motar a bayansa.

Saukar ce ta ci lokaci. Bargo ya sauko, matashi ya sauko, buta ta kuɓuce ta gangara ƙarƙashin mota. Hoton nan kuwa ya ƙi ɓamɓaruwa, sai da ya sa farce. Direbobi goma sha biyu suna tsaye, kowa ya ga dama ya shiga duba tayar da babu abin da ya same ta.

Wanda bai san Dogo ba zai ce mai girman kai ne, amma ba haka yake ba. Mutum ne da zai tsaya a tsakiyar daji ya taya baƙo canza taya, ya tafi bai tambayi sunansa ba. Bai taɓa kayar da kaya ba, bai taɓa taka ko kaza ba, kuma da kunne yake gane ciwon inji kafin bakanike ya buɗe. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba: ya ga wanda ya koya wa aiki ya wuce shi, ya yi barci mai daɗi.

Lamba tara ba ta da wani laifi, tsufa ne kawai. Giya ta uku sai an lallaɓa ta, ƙofar direba sai an ɗaga kafin ta rufu. Dogo ya karɓe ta kamar an miƙa masa takardar sammaci. Daga ranar kuma ya zama masanin aibun farar mota.

"Motar da ke canza giya da kanta, ai ba tuƙi ake yi ba, zaman kujera ne," yake gaya wa duk wanda ya zauna kusa da shi a benci. "Fari kuma, ina amfaninsa a hanya? Kwana ɗaya ta koma kamar tsumman goge-goge."

Amma an sha kama shi ya zagaya ta bayanta, ya shafa gefenta da tafin hannu, ya leƙa ciki, sannan ya yi tsaki ya wuce. In sun haɗu da Auta a hanya, Auta ya danna masa hon na gaisuwa, sai ya ɗaga yatsa ɗaya kawai. A gida ya daina cewa Auta, sai "ɗan'uwan nan naki mai farar mota".

Bayan sati uku ya dawo daga tafiyar kwana biyar, ya zauna a tabarma, ya ture kwanon abinci.

"Zan ajiye aikin nan," ya ce wa matarsa.

"Ka ajiye ka ɗauki me, Baban yara? Wata takwas ka yi a gidan nan kana ƙirga mini cokula."

"Yaron da na koya wa bambancin birki da totur, yau ni ke bin bayansa ina shan hayaƙinsa."

"Ai motar ba ta hayaƙi."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai. Sau uku, kana jin haushi."

Ta yi dariya, amma ta san mijinta. In ya ajiye makullin nan, da shekarunsa babu kamfanin da zai sake ɗaukarsa, kuma Dogo ba tare da hanya ba, rabin mutum ne. Ta kira ƙaninta a waya.

Washegari Auta ya shiga wurin manaja, ya fito, ya nufo Dogo a gaban kowa, ya rusuna ya miƙa masa makulli da hannu biyu.

"Yaya, bayana ne ke damuna, kujerar farar nan ta yi mini laushi. Ka taimaka mu yi musanya."

Dogo ya san ƙarya ce, Auta ya san ya sani. Ya karɓa yana cewa, "To, tunda lalura ce."

Tafiyarsa ta farko da ita kwana shida ce, ya dawo ya rame. Motar ba ta bar shi ya huta ba. Ya ɗan matsa kusa da ta gabansa, ta yi ƙara. Ya taka layin titi, ta yi ƙara. Ya yi awa huɗu yana tuƙi, ta ce ya tsaya ya huta, bai tsaya ba, ta kai ƙararsa ofis. Ƙafarsa ta hagu, da ta shekara talatin tana taka kuloci, ta yi ta dukan ƙasa babu abin takawa. Injin kuma shiru, ba ya gaya masa komai.

Yana shigowa harabar kamfanin ya hango wata mota tana sheƙi a rana. Sai da ya matso ya ga lambar. Auta ya wanke ta, ya sa an gyara ƙofar, ya ɗinka wa kujerun sabuwar riga, yana zaune a ciki ya saki hannu ta taga, yana sauraron injin yana murmushi.

Dogo ya sauko, ya zagaya lamba tara sau biyu. Ya shafa gefenta.

"Giya ta ukun fa?"

"Kamar yadda ka koya mini, Yaya. In an jira ta, shiga take sumul."

Dogo ya yi tsaki ya wuce. Da yamma ya ce wa matarsa, "Ɗan'uwan nan naki wayo ya yi mini. Ya raba ni da motar ƙwarai, ya bar ni da 'yar tsegumi."

Bai ajiye aikin ba. Shekararsa huɗu ke nan a kamfanin, sun yi musanyar mota da Auta sau uku, kuma kowane karo ta Auta ce ta fi. Kwanan baya suna zaune a benci ana jiran takardun lodi, babban bakanike ya dube shi ya ce, "Baba Dogo, an kawo sabuwa jiya. In sa a buɗe maka ka shimfiɗa bargo, ko mu jira Auta ya hau tukuna ta yi kyau?"

Aka kwashe da dariya. Dogo ya kurɓi shayinsa, ya bari suka gama.

"Ku yi ta dariya," ya ce. "Dole tasa ta fi tawa. Direban motarsa ni na koya masa tuƙi. Ni kuwa wanda ya koya mini, Allah ya jiƙansa, bai kai ni iyawa ba."